Gyaɗa Ta Shida a Ƙwaryar Malama Barakatu

Da gari ya fara haske, Malama Barakatu takan fito da tsintsiya ta share bakin ɗan ɗakin shan maganin da ke kan hanyar Ketare. Shara ba aikinta ba ce, akwai wanda aka ɗauka don haka. Amma ta ce in ta share da hannunta, takan ga sawun wanda ya zo jiya bai same ta ba. Daga nan sai ta shimfiɗa tabarma biyu a gindin dalbejiya, ta buɗe jakarta. A ciki akwai abin awon jini, da littafi mai baƙin bango, da biro biyu da ta ɗaure da zare don kada a ara a manta, da 'yan kwalabe ƙanana masu lamba a jiki. Can ƙasan jakar kuma akwai wata 'yar ƙwarya da gyaɗa a ciki. Gyaɗar nan ba ta ci ba ce. Zan zo kanta, a yi mani haƙuri, ba na iya ba da labari da sauri.

Sunana Ubale. Ɗinki nake yi a bakin kasuwar Ketare, karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Ƙarshen watan nan Malama za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, kuma na ga ba wanda ya ce zai rubuta komai a kanta. To ni na ce bari in gwada, ko da rubutun zai karkace.

Yawancin mutane sun san ta da allurar yara da awon masu ciki. Ni abin da zan faɗa wani ne daban. Shekarun baya wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo neman abin da ke kawo ciwon ƙoda, suka ɗauke ta ta riƙa karɓar masu miyau daga mutane. Miyau fa, wanda muke tofarwa a ƙasa. Na kasa haƙuri, na je na tambaye ta me ke cikinsa. Yadda ta bayyana mani, a jikin kowane mutum akwai wani rubutu da ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba, ƙarami ƙwarai har ido ba ya gani. Yana cikin jini, yana cikin miyau. Masu ilmi suna ce masa ƙwayoyin gado. Nawa da naka kusan ɗaya ne, sai 'yan wurare da suka bambanta. Masu binciken sukan tara mutane dubbai, masu ciwo da marasa ciwo, na'ura ta karanta rubutun kowa, sannan a duba ko akwai wata alama da ta fi yawa wajen masu ciwon.

Na ce, "Malama, to tuwon da na ci jiya ma zai fito?"

Ta ce, "Tuwonka ba zai fito ba. Amma kakanka zai fito."

Wannan maganar ta daɗe tana yi mani yawo a kai ina kan keken ɗinki.

Ranar da ta zo unguwarmu ta asali, Unguwar Ɗanlahadi, mutane suka yi cirko-cirko, don ba a saba ba wa baƙo miyau ba. Sai ta fara tofa nata a kwalba a gaban kowa, ta nuna cewa lamba ce a jiki ba suna ba, kuma wanda bai so ba ya tafi gona abinsa, ba laifi. Baba Ɗanhausa, dattijon unguwar, ya matso bakinsa jawur da goro.

Ta ce, "Baba, sai ka kurkure baki ka jira rabin awa."

Ya ce, "Ke ɗiyar nan, shekara sittin bakina bai yi rabin awa babu goro ba. In kin ga miyauna fari, to ba nawa ba ne."

"To yau sai mu karɓi na baƙon."

"Aradu in na tashi da ciwon kai gobe, ke zan nema."

"Ka san inda nake, Baba. Ka taho da goron ma in tsaya maka gadinsa."

Ya jira, yana ta mita, ya tofa. Bayansa kusan kowa ya bayar. Ni kuma a Ketare na ba da nawa, don can nake zaune.

Aka yi fiye da shekara ba a ji komai ba. Sannan tawagar ta dawo yin godiya, sai wani daga cikinsu, cikin murna, ya faɗa a gaban jama'a cewa sun ga wata alama mai ƙarfi, kuma yawancin masu ɗauke da ita daga wajen Unguwar Ɗanlahadi suke. Ba da mugunta ya faɗa ba. Sai dai a 'yan shekarun nan mun binne mutum huɗu da ciwon ƙoda, har da ƙanen babana, kuma kowa ya sani. Kafin kasuwar Kankara ta ci sau biyu, magana ta zama jinin 'yan Unguwar Ɗanlahadi yana da ciwo.

A lokacin an riga an sa ranar auren ƙanwata Bilki da Salim, ɗan Alhaji Sanusi mai sayar da taki a Mairuwa. Bayan kaka za a yi. Su biyun suna son juna, kowa ya shaida. Sai ga aike daga Alhaji, wai a ɗan dakata. Bai ce an fasa ba, ya ce a dakata. Bilki ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta dai daina zuwa kasuwa. Kayanta kala uku da na riga na ɗinka, na ninke na sa a ƙasan akwati. Salim kuwa yakan zo ranar kasuwa ya tsaya bakin shagona, mu yi zancen damina, mu yi zancen taki, kowa ya san abin da ba mu faɗa ba.

Na koma wajen Malama na ce ta faɗa mani gaskiya, jininmu ne?

Ta ce, "Ubale, wace tsaga ce a fuskar tsofaffin unguwarku?"

Na ce, "Uku-uku a kumatu."

"To in baƙo ya zo ya tarar da gida guda suna ciwon ciki, kuma dukansu da tsaga uku-uku, sai ya ce tsagar ce ta kawo ciwon?"

"A'a, sai a duba abin da suka ci."

"To ka gani. 'Yan gida ɗaya suna tarayya a alamomi da yawa waɗanda ba ruwansu da ciwo. Abin da aka gani sau ɗaya a wuri ɗaya bai zama sakamako ba tukuna. Sai an je wasu garuruwa, wajen mutanen da ba su haɗa jini da na farko ba, an sake gwadawa. In ya sake fitowa, to akwai magana. In bai fito ba, a ajiye shi."

Sannan ta ce abin da ke damunta shi ne, a takardun da ta cika, mutanen nan yawancinsu ba dangin juna ba ne. Haka suka faɗa, haka ta rubuta.

Bayan kwana kaɗan Dakta Nana Khadija, shugabar binciken, ta kira ta a waya. Ta ce na'ura ta nuna abin mamaki: mutane da yawa da takarda ta ce bare ne ga juna, rubutun jikinsu ya ce uwa ce da ɗa, ko wa da ƙane. Ko dai an rikita kwalabe wajen karɓa, ko takardun ne ba daidai ba. Wanda ya san aikin ya san me maganar rikita kwalabe take nufi ga wadda ta karɓi kwalaben da hannunta. Malama ba ta yi musu ba, ta ce a ba ta lokaci.

Washegari ta zo shagona, ta jira mai karɓar wando ya tafi, sannan ta ce a hankali, "Ubale, wa ta haife ka?"

Na ce, "Ai na faɗa maki a takarda, Gwaggo Esther."

"Ban tambaye ka wa ta raine ka ba."

Na daɗe ina kallon allurar keke. Sannan na ce, "Inna Laraba."

Ta dafe goshi. Ta ce, "Ni da na tashi cikin al'adar nan. Ni da har yau ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Kuma da hannuna na cika takardun."

Ni ne ɗan fari a wajen Inna Laraba. Da aka yaye ni, Gwaggo Esther, yayar babana, ta ɗauke ni zuwa Ketare, har sunan mijinta nake amsawa a makaranta. Inna ba ta kiran sunana, ba ta sa ni a lissafi. In ta matsu sai ta ce "wancan", ko "mai keken nan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani. Amma takardar masu bincike ba ta sani ba. An tambayi Inna 'ya'yanta nawa, ta ce biyar. An tambaye ni uwata, na ce Gwaggo. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, kuma takarda ta fita ba daidai ba.

Malama ta nemi izinina, muka tafi unguwarmu da la'asar. Muka tarar Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ni na tsaya can bakin rumbu. Bayan gaisuwa, Malama ta ce, "Inna, ɗiyanki nawa?"

"Biyar mana. Ai na hwaɗa maki bara waccan."

Malama ta duba gefe, ta ga wata 'yar ƙwarya, ta jawo ta ajiye a gabanta. Ta ce, "To kada ki ce komai, kada ki kira sunan kowa. Duk wanda kika haifa, jefa masa gyaɗa ɗaya a nan. Ni ba zan ma kalle ki ba."

Inna ta yi dariya, ta ce aikin asibiti ya koma wasan yara. Ta jefa ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, da sauri. Sai ta tsaya. Ta gyara ɗankwalinta. Ta juya fuskarta wajen bango kamar tana duban wani abu a can. Hannun nata kaɗai ya rage a bakin ƙwaryar. Daga inda nake na ji ƙarar ta shida ta faɗa.

Shekarata ashirin da biyar a lokacin. Ban taɓa jin ta ƙirga ni ba sai ranar.

Can Inna ta ce, "Ke Malama kin cika bin diddigi. Ce wa wancan shi matsa daga bakin rumbu, ya tare wa kaji hanya."

Ƙwaryar nan ita ce ke cikin jakar Malama har yau. Inna ce ta bar mata. Da ita ta bi gida gida, uwa ta jefa gyaɗa, sannan Malama ta tambayi gwaggo ko maƙwabciya wane ne ba a faɗa ba, yana ina, wa ya ɗauke shi riƙo. Ta yi wata biyu tana wannan. Ƙarshe ta gano mutum kusan casa'in da aka rubuta a ƙauyuka daban-daban da sunaye daban-daban, ashe yawancinsu jikokin Ɗanlahadi ne, wanda ya kafa unguwar, da tattaɓa-kunnensa. Kwalba ko ɗaya ba ta rikita ba. Duk da haka, a wasiƙar da ta aika wa Dakta, ta rubuta cewa ita ya kamata ta lura tun farko.

Malama, ke ce kika wanke hannunki daga zargi, sannan kika ɗauki rabonki na kuskuren ba wanda ya sa ki. Ni dai ban san mutane da yawa masu yin haka ba.

Sai aka shiga zagaye na biyu, a ƙasar Faskari da ta Sabuwa, gida ɗaya mutum ɗaya, kuma da ƙwarya a hannu. Abin da zan faɗa yanzu ba duka na gani da idona ba, waɗanda suka gani ne suka ba ni.

Wata ungozoma a Daudawa ta ce ruwa ya taɓa dukan Malama a hanya, lambobin kwalba talatin da ɗaya suka jiƙe har wasu ba sa karantuwa sosai. Tana iya yin hasashe, don ta san jerin da ta bi. Ta zubar da su duka, ta koma wajen mutum talatin da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri. Wani tsoho ya ce mata miyaunsa ya ƙare, sai baɗi. Ta zauna ta taya shi sussukar masara har ya sauko.

A wajen Sabuwa kuma hanya ta yi wuya, wata uku ba a shiga wasu ƙauyukan saboda rashin tsaro. Wani abokin aikinta ya ce su cike adadin da mutanen kusa da Kankara, ai duk Hausawa ne manoma. Ta ce in suka yi haka, 'yan uwan na farko za su sake tambaya, amsar farko za su sake samu, sun yi wahalar banza. Ta jira har hanya ta lafa.

Na Mairuwa kuwa Salim ne ya ba ni. Ya ce mahaifinsa ya ja ta gefe ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, yarinyar nan lafiya take?"

Ta ce, "Na auna ta, lafiyarta lau. Amma abin da kake tambaya, Alhaji, ban sani ba tukuna. In na ce maka babu, na yi ƙarya. In na ce akwai, na yi ƙarya."

"To sai yaushe?"

"In ka tofa a kwalbar nan, ka rage mana mutum ɗaya."

Alhaji ya dube ta, ya dubi kwalbar, ya tofa. Salim ma ya miƙa hannu, ta ce masa gida ɗaya mutum ɗaya, ya je ya ci gaba da jira tunda ya iya.

Zan faɗi gaskiya, da na ji wannan na ji haushinta. Na ce a raina kalma ɗaya ce, ta ce babu komai, a ɗaura aure, wa zai sani? Na yi sati biyu ina sauya hanya don kada in gaishe ta. Ita ce ta biyo ni shago da wata tsohuwar riga wai in rage mata hannu, rigar da ba ta buƙatar ragi. Ta ce, "In na faɗa yau don ina son Bilki, ranar da sakamakon gaskiya ya zo ba wanda zai yarda da ni, har Alhaji." Na rage hannun rigar.

Damina biyu aka yi. Da sakamako ya fito, Malama ta nace sai an faɗe shi a bainar jama'a kamar yadda aka faɗi na farko, kuma sai an gayyato mutanen Mairuwa. Aka taru da hantsi a gindin dalbejiyar nan. Dakta Nana Khadija da kanta ta zo. Ta ce a cikin mutum fiye da dubu uku na Faskari da Sabuwa, alamar nan kaɗan ke da ita, kuma tana wajen masu lafiya kamar yadda take wajen marasa lafiya. Abokan aikinsu na wasu ƙasashe ma sun duba nasu mutanen, ba su ga tana tafiya da ciwon ba. Alamar zuriya ce kawai. Ta ba da haƙuri a kan maganar da aka saki tun ba ta nuna ba.

Baba Ɗanhausa ya ciro goro daga baki ya ce, "To mi ya kashe mutanenmu huɗu?"

Malama ta ce, "Ba mu sani ba tukuna, Baba. Za a duba ruwan rijiya, a duba hawan jinin da ba a aunawa, da magungunan da ake sha barkatai. Kafin nan, kowa ya zo Litinin in auna shi."

Sannan Dakta ta ƙara da cewa akwai wata alamar daban, ƙarama, wadda ba wanda ya kula da ita da farko. Ita ce ta sake fitowa a zagaye na biyu. Ba ta sa mutum ciwo ita kaɗai, tana ɗan ƙara haɗari ne, kuma tana warwatse a ko'ina.

Alhaji Sanusi ya ce, "Har Mairuwa?"

"Har Mairuwa, Alhaji."

Baba Ɗanhausa ya gyara zama ya ce, "To mu ma sai mu ɗan dakata, mu yi shawara a kan yaron naku."

Wurin ya ɗauki dariya. Alhaji ya cire hula ya shafa kai, ya mayar, ya ce, "Baba, a yi mani aikin gafara. Ku sa ranar da ta yi maku." Aka sa sati uku. Na ciro kayan Bilki daga ƙasan akwati, sai da na rage su, don ta rame a jiran nan. Yanzu tana Mairuwa, da goyonta.

Har yau akwai abin da nake juyawa a raina ina kan keke. Na'urar da ke iya ganin kakan mutum a cikin miyau, sai da ta jira 'yar ƙwarya da gyaɗa kafin a gane abin da take faɗa. Kuma an yi shekara biyu, an bi ƙauyuka, an sha ruwa da rana, don a tabbatar cewa abin da aka zata an gano ba haka yake ba. Na tambayi Malama ko hakan bai zama asara ba. Ta ce in an gwada iri a gona ta biyu bai yi ba, an tsirar da duk wanda da zai shuka shi baɗi. Ta ce in takardar binciken ta fito, sunanta zai zo can ƙarshe cikin ƙananan haruffa, in ma ya zo. Ba ta damu ba. Ni ne na damu, shi ya sa na rubuta wannan.

Malama Barakatu, mai biro biyu, mai tambaya sau biyu. Ke ce kika ƙi faɗa mana abin da muke so mu ji, har sai da kika samo abin da za mu iya tsayawa a kai. Ke ce kika nemo hanyar da uwa za ta faɗi gaskiya ba tare da ta keta kunyarta ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya raya maki zuriya, har da wanda ba kya kiran sunansa.

Ku kuma masu shigowa ƙauyukanmu da takardun tambaya, da ku matasan da za ku gaji tabarmarta, ina roƙonku da girmamawa. Abin da kuka gani sau ɗaya, ku riƙe bakinku har ku sake gani a wani wuri, don maganar da kuka saki a gidan wani take sauka. Kuma kafin ku rubuta amsar mutum, ku san abin da ba zai iya faɗa da baki ba.

Jiya Bilki ta zo gida, Inna ta auno gyaɗa kwano biyu ta ɗaure a buhu, tsarabar sallama ga Malama. Ina zaune a zaure ina jinsu. Bilki ta ce wa zai kai mata? Inna ta ce, "Ba na shidan nan shi kai."

Gobe da safe zan kai, Malama. Kada ki share bakin ƙofa kafin in iso, ki bar mani tsintsiyar.